Mariƙin Yana Waje

Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Carlisle ƙafafun Wilf Garside suka fara yi masa tsiya. Shekara saba'in da ɗoriya, yana tsaye a bakin ƙofar tarago tun safe, kuma aikinsa ɗaya ne tak: kada kowa ya taɓa ƙofar nan sai jirgi ya tsaya cak.

Taragon ya girmi yawancin mutanen da ke cikinsa. Wilf da abokansa masu aikin sa kai ne suka tsinto shi a bayan wata gona, kaji na kwana a ciki, suka kankare tsatsa, suka shafa masa jan fenti, suka ɗinke kujeru. Ƙofofinsa irin na da ne, ba su da mariƙi daga ciki. Mai son fita sai ya sauke gilashin taga, ya zura hannu waje, ya murɗa. Haka kowa ya taso yana yi kafin a kawo ƙofofin zamani masu buɗe kansu.

To amma babban layin dogo yanzu na jiragen lantarki ne, masu wucewa fuu kafin ka ɗaga kai. Hukuma ta ce tsofaffin taragu ba za su ƙara hawansa ba sai ta tabbata ana iya tsare ƙofofinsu. Aka kafa sakata a kowace ƙofa, aka tsayar da mutum a gabanta. Yau kuma aka turo sufeto, wata mata mai suna Shona Baird, ta bi jirgin ta gani da idonta. In ta ce a'a, taragon Wilf sai gidan tarihi, inda zai zauna har abada yara na shafa masa hannun alewa.

Fasinja kuwa ba su taimaka ba. Wannan yana son leƙa kai ya ɗauki hoton hayaƙi, wancan yana son jikarsa ta ji kukan kan jirgi.

"Yi haƙuri, yallaɓai, kai ciki."

"Haba dattijo, na girme wa wannan."

"Ginshiƙin gada bai san shekarunka ba. Kai ciki."

Ya faɗi wannan magana har bakinsa ya yi tsami. Sannan aka kawar da jirginsu gefen layi, suka yi ta zama cikin yayyafi don jiragen zamani su wuce, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya girgiza tagogi ya tafi abinsa. Wilf ya gaji, gajiya irin wadda ke shiga har ƙashi.

Enid mai shayi ta turo kekenta, ta miƙa masa kofi. Tare suka yi fentin taragon nan, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

"Ka zauna mana, tsoho, kafin ka faɗo mana a kan biskit."

"In na zauna wa zai tashe ni? Ke?"

"Allah ya kiyaye, bayana ba na aro ba ne. Ga mutuniyarka can tana zuwa, gyara wuyan riga."

Shona ta iso, ta ja sakatar ta gwada, ta gyaɗa kai. Ita ma idanunta sun yi ja don gajiya.

"Duk jirgin nan ƙofarka ce ban ji ɗar a kanta ba, Baba," in ji ta.

Abin ya yi wa Wilf daɗi ƙwarai.

Da la'asar jirgi ya fara rage gudu zai shiga Lancaster, garinsu. A wannan tasha ya riƙa sauka kowace yamma duk tsawon rayuwarsa ta aiki, kuma kullum shi ne na farko a ƙasa, don ya riga cunkoso zuwa motar unguwarsu. Ga gadar, ga ƙarar birki, ga dakalin tasha ya fara bayyana. Wilf na tunanin ruwan zafin da zai tsoma ƙafafunsa a ciki. Hannun hagu ya zare sakata, na dama ya sauke gilashi, ya zura waje, ya murɗa.

Iska mai sanyi ce ta farkar da shi. Ƙofa a buɗe, ƙafarsa ɗaya a kan matakala, dakali na tafiya a ƙarƙashinta a hankali. Jirgi bai tsaya ba.

Ya ja da baya, ya jawo ƙofar ta rufe garam. Ba wanda ya ji ciwo, ba ma wanda ya lura cikin fasinja. Amma Shona na tsaye a bayansa, da kofin shayi a hannu.

"Wallahi ban san na yi ba, 'yata," in ji Wilf.

"Na sani, Baba." Ta yi maganar a hankali, ba faɗa a ciki. "Da kana sane ka yi, da sai in ce a canja mai tsaron ƙofa, shi ke nan. Yanzu wa zan ce a sa?"

Wilf ya dubi jan fentin da ke jikin ƙofar, wurin da burushinsa ya bar ɗan layi. 

Jirgi ya tsaya cak. Mutane suka taru a bayansa da jakunkuna da laimomi, suna jira.

"An tsaya, Wilf," in ji Enid, wannan karon ba zolaya. "Buɗe musu."

Ya cusa hannayensa biyu a aljihun kwat, ya matsa gefe.

"Ke buɗe," ya ce.