Na Ƙarshe Shi Ke Fara Zaɓe

Farantin naman da Yvette ta gasa yana tsakiyar tebur a garejin Doreen, amma Lorne ya kasa kai hannu.

Shekara goma sha tara ke nan su takwas, tsofaffin direbobin motar share ƙanƙara a Thunder Bay, suna gasar hoki, wasan ƙwallon sanda na kan ƙanƙara, amma tasu ta kan takarda ce. Kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske, abin da suka ci a fili shi ne makinsa, wanda ya zo na ƙarshe kuma shi ke fara zaɓen 'yan wasa a kakar wasa mai zuwa. Bana akwai wani sabon ɗan wasa da kowa ke haɗiyar yawu a kansa. Shi ya sa Lorne ya ajiye golansa, mai tsaron raga, a benci har mako biyar don kada ya samu maki, da gangan, ya zo na ƙarshe. Maki biyu rak Merle, na kusa da ƙarshe, ya fi shi.

Merle, mijin Yvette, ɓarin jikinsa ya shanye tun Janairu. Daga gadon asibiti yake jera 'yan wasansa kowace safiya da hannun hagu, bai tsallake rana ɗaya ba.

"Kai tsohon banza," in ji Merle daga gefen teburin, magana tana fita masa a karkace. "Da na ga golanka a benci, na ce wa Yvette wani abu na damun Lorne. Mutumin da ko ranar auren 'yarsa bai manta da jeri ba. Yanzu ka warware?"

Ashe dalilin miyar da Yvette ta riƙa kai wa Lorne gida ke nan. Shi kuwa gogan naka ya sha tas, har ya aika a ƙara gishiri. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da Doreen, mai riƙe da dokokin gasar, ta ce Lorne ya fara zaɓe, sai ya cire hular sanyinsa ya ce daga bana a riƙa yin ƙuri'a. Aka yi masa tsiya, aka dai yarda. Aka zuba sunaye takwas a hular, ya miƙa wa Merle.

Merle ya daɗe yana lalube da hannun hagu. Ya buɗe takardar, ya yi murmushi da rabin baki.

"Lorne," ya ce. "Madalla. Kai ne ka sha wuya bana."