Jan Famfon Raja Tanvir

Ustad Karamat, wato malamin makanikai, da haƙori yake jin ciwon mota. Sai ya ɗauki doguwar sukundirebarsa, ya kafa bakinta a jikin inji, ya ciji ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron kira daga bayan gari. In ya buɗe idon sai ya faɗi abin da ya lalace, kuma da wuya a kwance a tarar da saɓanin haka. Ƙotar ta sha cizo har ta koma kamar raken da aka tauna. Shekara arba'in yana wannan aiki a layin makanikai na Rawalpindi, haƙoransa huɗu sun zube, kowanne yana iya gaya maka motar da ta ci shi.

Amma zamanin kafireta ya wuce. Motocin yanzu waya ake soka musu su faɗi ciwonsu a allo, ba su jiran haƙorin kowa. Shagon Karamat ya koma wurin tsofaffin jif da makwarwar da yake kiwo a keji. Shagon da ke kallon nasa kuwa ba ya rabo da mutane. Na Shafqat ne, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyon aiki a hannun Karamat, ya tafi Dubai, ya dawo da gemu da tumbi da allon shago mai kunna kansa: Shafqat Turbo. Ranar buɗe shagon, Karamat ya ce cikinsa na ciwo. Shekara uku ke nan bai tsallaka titin ba.

Wata Litinin da hantsi wata farar mota ta shigo layin, cikinta kusan yana shafar ƙasa, tana huci kamar kububuwa duk sanda aka saki totur. Karamat ya gane mai tuƙin. Raja Tanvir ne, ɗan marigayi Raja Sarfaraz, wanda shekara talatin babu hannun da ya taɓa jif ɗinsa sai na Karamat. Motar ta rage gudu daidai ƙofarsa. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma, har ya fara murmushi. Ashe kwana take nema. Ta juya ta shige shagon Shafqat.

Lala Gulzar mai shayi yana tsaye da faranti. Ya ce, "Zauna mana, Ustad. Ba kai aka zo gaisarwa ba."

"Ƙafata nake miƙewa."

"Da murmushi ake miƙe ƙafa yanzu? Ga shayinka. Kofi biyar zan kai can."

Kafin azahar Lala ya dawo da labari, don kunnensa ya fi butarsa saurin cika. Raja ya sa an ƙara wa motar babban turbo mai dura wa inji iska, yanzu famfon da ke cikin tanki ba ya ƙosar da injin, in ta ɗauki wuta sai ta riƙa shaƙewa. Shi ne ya sayo famfon waje, irin wanda ake ɗaurawa a kan tiyon mai tsakanin tanki da inji, ja wur da shi. Ranar Lahadi zai hau tsaunin Murree da abokansa.

Lala ya ce, "Ka san inda yake so a sa shi? A but! Kan ƙarfen da tukunyar gas take a da. A rufe da gilashi, a kewaye da shuɗin fitilu. Wai abin da ya ɗauko tun daga Dubai ba zai ɓuya a ƙarƙashin mota yana shan taɓo ba."

Karamat ya ajiye kofinsa a hankali. "Shi Shafqat ɗin me ya ce?"

"Ya ɗan yi gardama. Raja ya ce in ba zai iya ba, Lahore ba nisa. Sai Shafqat ya ce to."

Wani daɗi ya ratsa Karamat tun daga wuya har gwiwa, irin wanda rabonsa da shi tun yana da duka haƙoransa. Famfon waje turawa ya iya, bai iya zuƙa ba. Wurinsa ƙasa da tanki, inda mai zai gangaro masa da kansa. Ƙarfen tukunyar gas kuwa ya ɗara tankin da kamu biyu. A cikin gari da cikakken tanki ba abin da zai nuna. Amma a hawan Murree, rana ta take, mai ya ragu, famfon zai fara haɗiyar kumfa. Turbo na dura iska, mai ba ya isowa. Fistin zai narke kamar man shanu a kasko.

Bai ce wa Lala komai ba. Makwarwarsa ya gaya wa, yana zuba mata gero. "Kin ji ɗan Dubai ko? Allo mai fitila, kai ba fitila."

Kwana uku yana kallo daga kan bencinsa. Ya ga Shafqat ya ɗaure jan famfo a kan ƙarfen, ya huda ƙasan but ya zura tiyo biyu masu sheƙi, ya daɗe kwance a ƙarƙashin motar yana ja musu hanya. Ya ga an kawo gilashi. Ya ga matasa suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Shi kuwa a cikin kansa yana kallon wani hoton: farar mota a bayan motar janwe tana shigowa layin, Raja ya fito fuska a murtuke, ya tsallako titi ya ce, "Ustad, da na sani." Ya tsara amsar da zai bayar kala bakwai.

Ba wai zuciyarsa ba ta taɓa shi ba. Ranar Laraba ya tuna Tanvir yana ɗan shekara biyar, zaune a cinyar ubansa yana murza sitiyarin jif yana ƙugi da baki. Ya tuna hanyar Murree da kwanoninta, da yadda mota ke zama in inji ya mutu a tsakiyar wuce babbar mota. Ya tashi, ya kai tsakiyar titi. Daidai nan ya ga Raja ya dafa kafaɗar Shafqat, ya ji ya ce, "Kai, Ustad, hannunka zinariya ne." Ustad! Sai Karamat ya karkata wajen mai kanti ya sayi ashanar da ba ya bukata.

A layin makanikan akwai al'ada. In mutum ya gama babban aiki, kuma wanda ya koya masa sana'a yana raye, ba ya tayar da injin da kansa. Zai ɗora makulli a faranti tare da alawar laddu ya kai wa malaminsa. Wanda ya murza makullin kuwa ya raba sunan aikin da mai shi, in ya yi kyau, in ya ɓaci. Tun da Shafqat ya dawo bai taɓa kawo farantin ba, shi ya sa hankalin Karamat yake kwance.

Alhamis bayan la'asar sai ga Shafqat yana tsallako titi, faranti a hannu biyu, kai a sunkuye. Guduma ta tsaya a kowane shago.

"Ustad, aiki ya ƙare. A sa mana albarka."

"Ni? Kwamfutarka ta mutu ne?"

"Kwamfuta ba ta da haƙori, Ustad."

Lala ya ce, "Shi ma Ustad ɗin saura kaɗan!" Aka kwashe da dariya.

Karamat ya dubi makullin. In ya murza, ranar Lahadi sunansa zai narke tare da fistin. In ya ƙi karɓa, layin gaba ɗaya zai ce baƙin ciki ne. Sai ya ga hanya ta uku, wadda ta fi duka daɗi. Zai je, ya saurara, ya faɗi kuskuren a gaban Raja da kowa da kowa. Al'ada ta hana malami ya kunyata almajirinsa a gaban mai mota, amma al'ada ba ta hana a saci ɗan Raja Sarfaraz ba, ai. Ya soke sukundirebarsa a ɗamara ya tsallaka.

But a buɗe yake. Famfon yana zaune cikin shuɗin haske kamar kifin ado. Raja Tanvir ya gaishe shi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya. "Ustad Karamat! Kana nan? Duba ka ga aikin zamani."

Karamat ya zura hannu ta taga ya murza makullin taki ɗaya, inda famfo ke tashi ya cika tiyo kafin inji ya kama. Aka ji wani siririn gurnani ta bayan motar. Ya sa a ɗage gilashin, ya kafa sukundireba a jikin jan famfon, ya ciji ƙota, ya lumshe ido.

Shiru.

Ya sa a kashe a sake kunnawa. Kunnensa na jin gurnani, haƙorinsa ba ya jin komai. Abin da ke bakinsa gawa ce. Ya sauke sukundirebar ya kafa a ƙasan but. Nan take ƙarar ta hau ƙarfen ta shiga muƙamuƙinsa, daga ƙasa take zuwa, santsi, ba tari ba shaƙewa, ƙarar famfon da ya ƙoshi da mai.

Ya buɗe ido ya dubi Shafqat. Shafqat na kallon takalminsa, gumi na bin gemunsa.

Karamat ya ce a ba shi tabarma. Ya kwanta ya ja jiki ƙarƙashin motar, gwiwoyinsa na ƙara. Ga shi nan. Sabon famfon Raja, ja wur, ɗaure a jikin ƙarfen mota gab da tanki, ƙasa da gindinsa, an shimfiɗa masa roba don kada ya girgiza. Matata a gabansa, kibiyar da ke jikinsa na kallon inji. An sa faifan gwangwani tsakaninsa da zafin salansa. Waya mai kauri, da fis ɗinta. Tiyo biyun nan masu sheƙi kuwa da suka sauko daga but, a toshe suke, an ɗaure su a gefe kamar akuyoyin da ba na kowa ba. Na saman mataccen famfo ne irin wancan, an goge shi ya yi ƙyalli.

Ya daɗe a kwance. Kwana uku yana kiwon kuskuren da babu shi. Abin da ya fi ci masa rai, shi da kansa da ba zai yi wannan dabara ba. Da zai yi wa Raja faɗa ne, Raja ya tafi Lahore, a can a sa masa yadda yake so. Yaron ya ceci injin, ya kuma riƙe mai motar.

Amma yanzu ga wuƙa a hannunsa wadda ta fi ta farko kaifi. Kalma ɗaya: na sama hoto ne. Raja ba ya yafe a mai da shi abin dariya a gaban mutane. Kuma Shafqat ya san duk layin haƙori ɗaya ne zai gano, amma duk da haka ya ɗauki faranti ya kai wa mai haƙorin.

Fuskar Raja ta leƙo. "Ustad, barci ka yi? Yaya ka ji famfon nawa?"

Karamat ya ji kalmar ta hau harshensa, har ya ɗanɗana ta. Ta gefen taya yana hango ƙafafun Shafqat, babban yatsa na murza ƙasa, yadda yake yi tun yana koyo in ya karya noti.

"Famfonka na shan mai yadda ya kamata, Raja sahib. Ka hau Murree, ka hau abin da ya fi Murree."

Aka yi tafi. Shi kuwa bai fito ba. Ya bi aikin da ido daga tanki zuwa gaba, ya dawo, ya sake bi, yana neman ko da waya ɗaya da ta karkace. Babu.

"Shafqat! Miƙo sifana mai lamba goma."

Hannu ya zuro da ita. Karamat ya kafa ta a notin da ke riƙe da famfon. Notin a ɗaure yake tamau. Ya yi nishi, ya ƙwanƙwasa sifanar a ƙarfe don a ji daga waje, sannan ya jawo jiki ya fito yana kaɗe riga.

"Noti ɗaya ka bari sako-sako. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa maka."

Shafqat ya dube shi, ya dubi sifanar. "Na gode, Ustad. Allah ya bar mana kai."

Karamat ya zura hannu ta taga ya murza makullin har ƙarshe. Injin ya kama a bugu ɗaya.