Sittin da Ɗaya Ta Koma Ƙetare

Ƙarfe takwas saura kwata na safe muka fito, ana yayyafi, iska tana kaɗowa daga kogin IJssel mai sanyi kamar ba bazara ba. Ni da maigidana Harm ne a motar aiki, da alluna goma sha huɗu a baya. Hanyoyin keken yankin nan, waɗanda ba motar da ke hawa sai tamu, mu ke kula da allunansu. Kowace mararraba da lambarta, kibiya kuma tana nuna inda ta gaba take. In mutum ya riƙe lamba biyar a ka, sai ya wuni yana yawo bai tambayi kowa hanya ba.

A bana aka buɗe sabuwar hanya ta bayan gonakin masara, sai mutanen ofis suka ce a sake rabon lambobi. Ni ba ruwana da wannan, takarda ake ba ni, in kwance noti in ɗaure noti. Amma da na duba takardar ranar Litinin sai da na nemi wuri na zauna. Mararrabar da ke kusa da gidanmu, 61, ta zama 78. Ita kuwa 61 an ba wata can ƙetaren kogi, sai an shiga jirgin fito.

Kakana Berend shekararsa tamanin da biyu. A hannunsa na tashi, har yau gida ɗaya muke. Yakan manta ya karya kumallo, yakan kira ni da sunan babana. Amma kullum tara da rabi sai ya hau kekensa: 34, 35, 61, 12, gida. Shekara ashirin ke nan. Da can hasumiyar coci da gidajen gona yake kallo. Yanzu waɗannan sun zame masa baƙi, lambobin kaɗai suka rage, yana tafe yana karanta su a fili.

A watan jiya aka rufe wani wuri don gyara, ya kauce, sai la'asar wani manomi ya dawo mana da shi a tarakta. Ranar Gwaggo Aleida, 'yarsa, ta ce in aka sake, za ta karɓe makullin keken. Ba mugunta ba ce, ita ta zaga bakin ruwa tana kiran sunansa. Sai dai kowa ya sani, in aka raba Kaka da keke, kujerar bakin taga ce ta rage masa.

Na gwada abin da zan iya. Na rubuta sababbin lambobin da manyan baƙaƙe, na manna a kan keken da salatif. Ya ɓamɓare ya liƙa mini a goshi.

"Kai da ka maimaita aji ne za ka koya min ƙirga, kunkuru?"

A mota na roƙi Harm mu bar allon 35 yadda yake, don a nan matsalar take: da, kibiyar 61 miƙewa take yi bisa ganuwar da ke tare ambaliyar kogi, sabuwar kuwa hagu ta nuna, gangaren mafita, inda ake shiga jirgin fito. Harm ya ce in muka bar tsohon allo saboda mutum ɗaya, gobe Jamusawa arba'in za su shigo da sabuwar taswira a waya, su ƙare a tsakiyar shanun wani. Na ce to mu bar shi sai yamma. Ya ce yamma da safe duk ɗaya ne, gobe ma ai rana ce. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban ji daɗinta ba.

Ni na hau tsani a 35. Notin tsohon allon sun yi tsatsa, na ji ina ma su ƙi kwancewa, amma suka kwance. Na ɗaura sabon, na gama, na shiga goge shi da tsumma alhali ruwa na wanke shi. Harm ya dubi agogo, ya dube ni, ya buɗe fulas ya zuba kofi, ya ce shi kam sai ya ci burodinsa da cuku kafin mu gusa.

Goma saura kaɗan na hango shi. A ƙasar nan, in ban da ganuwar, ba tudu ba kwari, tun mutum yana kamar ƙuda kake ganinsa. Rigar ruwansa shuɗiya, bayansa a miƙe, yana taka feda a hankali cikin iska. Wata shamuwa ta tashi daga fadama ta gifta gabansa, bai ko waiga ba.

Ya ja birki, ya sauke ƙafa ɗaya.

"Harm, har yanzu kana biyan wannan malalacin ya tsaya yana kallon gajimare?"

"Na rasa mai karɓarsa ne, Baba," in ji Harm.

Na ce, "Kaka, yau miƙewa za ka yi. Kai tsaye, kamar kullum."

Ya ɗaga kai ya karanta allon, leɓensa na motsi. Ya nuna kibiyar da haɓa.

"Sittin da ɗaya hagu ta ce."

"An canja ne. Ka miƙe kawai."

"Wa ya ɗaura allon?"

"Ni ne."

"To ƙarya ka ɗaura?"

Ban taɓa ɗaura allon ƙarya ba, shi ma ya sani, yakan faɗa wa mutane a kanti cewa jikansa ne ke riƙe da hanyoyin nan. Kafin in haɗa magana ya karya kan keken hagu, gangara ta ɗauke shi.

Ni ba mai gudu ba ne, amma ranar na yi. Kilomita guda da 'yan kai, da takalmin aiki. Da na isa mafita jirgin yana nan bai tashi ba. Dineke mai fito ta tsare shi da hira, wai injin yana mata gardama, alhali ina jin ƙararsa lafiya lau. Kaka yana tsaye a bakin ruwa riƙe da keke, yana kallon ƙetare. Ruwan ya yi jajawur saboda ruwan saman da aka kwana uku ana yi.

"Wessel," ya ce, kuma sunana na gaskiya ya kira, "ban taɓa shiga ruwa a hanyar nan ba."

"Ba ka taɓa ba, Kaka."

Ya juya ya dubi gangaren da ya sauko, ya dubi itatuwa, ya sake duban kogi.

"Ta ina gida yake?"

Tunda nake ban taɓa jin ya tambayi hanya ba.

Dineke ta ja ni gefe ta ce ta riga ta buga wa Gwaggo waya. Ashe Gwaggo ta bi duk masu fito da masu shagon kofi na hanyar ta bar musu lambarta, kowa kuma ya yi mata alkawari. Ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai, da ni ne ma haka zan yi.

Na ce wa Kaka ya hau kariyar bayan keken in tuƙa. Na zaci zai zage ni, don shi ya saba goya mutane, kakata ma a nan ya ɗauke ta shekara da shekaru. Sai kawai ya zauna a karkace, ya riƙe rigata da hannu biyu. Bai fi nauyin buhun dankali ba. Muka hau ganuwa, muka wuce Harm, ya ɗaga mini hannu alamar in tafi. Iska tana gabanmu duk hanyar. A mararrabarmu na ji ya karanta a bayana, a hankali, "Saba'in da takwas."

Motar Gwaggo tana ƙofar gida. Tana tsaye ba lema, da rigar aikinta ta asibiti. Ta taimaka masa ya sauko, ta shafa kafaɗarsa, sannan ta dube ni.

"Ya ɓata ko bai ɓata ba?"

Da na ga dama sai in ce ni na aike shi wurin Dineke. Tun a hanya nake shirya maganar. Amma gobe tara da rabi ina can wani gari a kan tsani, kuma ba kullum Dineke ke riƙe da jirgin ba.

"Allo ya bi, Gwaggo. Daidai ya bi shi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce, "Ya ɓata."

Kaka ya dube ni, kallon da ban san ko ya gane ni ba ko kuwa ya gane ni sarai. Ya sunkuya da kansa ya datse kwaɗon tayar baya, ya zare makullin, ya ajiye a tafin Gwaggo. Ta fara cewa ranar Lahadi za ta riƙa zuwa su zaga a mota, ya wuce ta ya shiga gida da takalmansa a jiƙe.

Harm yana jirana, saura alluna tara. Amma keken ya kwashi laka har sarƙa. Na ɗaga bayansa tunda tayar a kulle take, na kai shi rumfa, na ɗebo ruwa a bokiti na wanke, na tsane shi da tsohon tawul, na ɗiga wa sarƙar mai. Da na fito, Kaka yana zaune a bakin taga. Na ɗaga masa hannu. Bai juyo ba. Na ja ƙofar rumfar, na kama hanyar ganuwa a ƙafa.