'Ya'yan Kwakwar Baba

Auta ta dire bokitin ƙasar da ta ɗauko da ƙarfi har gindinsa ya tsage. Gindin kwakwar Baba ya yi fes kamar an share falo. 'Ya'yan da suka kewaye ta jiya duk babu, sai kututturai farare suna tsatsar ruwa, ganyensu kuma an tara shi a bakin kwata.

"Yaya! Fito ka ga aikinka!"

Babban wanta ya fito da kofin shayi a hannu, ga addarsa jingine da bango ko gogewa bai yi ba.

"Lafiya kike min ihu da sassafe? Mai sayen gida zai zo karɓar makulli, na ce in gyara wurin. Ya zama daji, ko maciji ya shiga ba wanda zai sani."

"Gyara? Mutumin da gobe zai rushe gidan kake yi wa kwalliya?"

Wannan kwakwa ba irin mai tsayawa ita kaɗai ba ce. Daga gindi take haihuwa, sanda bayan sanda, siririya mai gaɓa-gaɓa kamar rake, har ta zama dangi guda a wuri ɗaya. Marigayi Baba ne ya dasa ta kafin a haifi Auta. Da tsinken ganyenta yake ɗaura musu tsintsiya, da tsofaffin sandunanta ya tokare rumfar ƙofa, a inuwarta kuma ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Tun da 'yan'uwa suka haɗa baki aka sayar da gidan, Auta ba ta nemi kujera ko firji ba. Kwakwar take so. Manyan sandunan ba sa ciruwa, saiwarsu ta shige ƙarƙashin siminti, don haka ta yi watanni tana tara wa ƙananan ƙasa a gindi, tana ba su ruwa kafin ta tafi shagon maganin da take aiki, har kowane ya yi saiwar kansa. Yau ce ranar da za ta raba su da uwar ta zuba a bokitai.

"To ai za su sake tohowa," in ji Yaya, muryarsa ta fara sanyi.

"Kwakwa ce, ba zogale ba! In ka sare mata kai ta mutu ke nan. Kafin uwar ta sake haihuwa an daɗe da zuba kankare a kanta. Shekara nawa kana kwana a gidan nan, ba ka taɓa duƙawa ka kalli abin da Baba ke yi ba?"

"Wallahi na zaci ciyawa ce."

"Ciyawa ake ɗaure wa ƙyalle a jiki? Ciyawa ake wa ban ruwa? Kai dai komai na Baba in ba za a sa masa farashi ba, shara ne a wurinka!"

Yaya ya ajiye kofin ya shige ɗaki. Da ya rama da ya fi mata sauƙi, don fushin bai sami inda zai sauka ba. Ta durƙusa tana tona da yatsu ko adda ta yi kuskuren barin guda. Yaya bai taɓa yin aiki da kyau a rayuwarsa ba sai yau.

Da ta ɗaga kai sai idonta ya faɗa kan abin da ta daɗe tana kauce wa kallo: ganyen kwakwa kore shar yana leƙowa ta saman katangar Gwaggo mai kanti, maƙwabciyarsu. A makon rasuwar Baba ne Auta ta ga gurbi a gindin kwakwarsu, ta kuma ga ɗan tsiro a tukunya a ƙofar Gwaggo. Ta tsaya a tsakiyar titi, gaban masu zuwa gaisuwa, ta kira ta ɓarauniya, mai sata a gidan makoki. Gwaggo ta shigar da tukunyarta ta rufe ƙofa. Tun ran nan ko ashana Auta ba ta ƙara saya a kantin ba.

Ta ja tsaki, ta zagi Yaya a ranta, ta zagi mai sayen gida. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗauki bokitin da bai tsage ba ta fita.

Gwaggo tana jera gwangwanayen madara a kantinta. Ta kalli Auta, ta kalli bokitin.

"Na ji ihunki tun ɗazu. Wurin ɓarauniya aka zo?"

Auta ta miƙa bokitin gaba. "Gwaggo, guda ɗaya kawai."

Tsohuwar ta wuce gaba zuwa tsakar gidanta. Tsiron nan ya zama dangi guda, 'ya'ya sun kewaye shi ko'ina. Ta ɗauko shebur ta miƙa mata.

"Zaɓi mai saiwa. Ki sara dab da uwar, sau ɗaya, kada ki ja. Haka babanki ya nuna min ran da ya kira ni ya ba ni tsiron nan."

Auta ta tsaya da shebur a hannu, ta kasa sarawa.