Ruwan Wankan Malam Sale

"Ba ni wayar nan," in ji Ishaya, ya miƙa hannu ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. "Ka san ba sa bari a shiga da ita."

Nasrullahi ya miƙa masa, bai ko ɗago daga takardun da ke cinyarsa ba. Ishaya ya danne maɓallin har ta mutu, ya jefa ta aljihun ƙofar mota. Wannan ne aiki na farko da aka ba shi. Na biyu, ya kai yaron jami'a kafin a shiga jarrabawa. Na uku, ya kama bakinsa, domin Malam Sale, uban yaron, ya cika bayan sallar asuba, kuma kowa a layinsu na Mpape ya sani in ban da ɗansa.

Abin bai yi wuyar ɓoyewa ba. Tun da tarin Sale ya tsananta, Nasrullahi ya koma kwana a gidan Ishaya, can ƙasan gangare, a ɗakin da ya zama kango bayan mutuwar matarsa Christina. Da safen nan ya hau tudu zai gaida ubansa, sai uwarsa Lantana ta tare shi a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu.

"Yanzu ya samu barci," ta ce. "Kar ka tashe shi. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Ishaya na tsaye a bayansu. Ya taɓa karanta littattafai da yawa a zamanin da yake akawu a ma'aikata, amma bai taɓa cin karo da ƙarya mai tsabta kamar wannan ba. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Shawarar Manniru ce, ƙanin mamacin, mai sayar da lemo da kankana a Zuba. Ta waya ya yanke ta. "Wanda ya tafi ya tafi. Wannan ne zamansa na ƙarshe a kwas ɗin nan, in ya sake faɗuwa korarsa za su yi. In ya fito ya riski jana'iza, to. In bai riska ba, addu'a tana isa ko daga ina." Manniru mutum ne da ya saba da kayan da ba sa jira.

Kwas ɗin shi ne kalkulas na aji biyu, wanda ake lissafa abin da ke sauyawa ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Sau biyu yana kayar da Nasrullahi. Abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa, shi yana nan, kwas ɗaya ya riƙe masa wuya. Matasan layi suna kiransa Injiniyan Kari-oba. Sale kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a kamfanin fasa dutse har ƙurar ta cinye masa huhu, Injiniya kawai yake cewa, ba ƙari, yana faɗa da ƙarfi don masu shayi su ji.

"Baba Ishaya, bari in gwada maka wani abu," in ji Nasrullahi da suka sauka daga Mpape. "In na iya yi maka bayani, to na gane."

"In ka iya yi mini bayani, ai ka wuce malaminku."

"Ka ɗauka kana tsaye a tudun gidanmu. Ta gabas akwai gangare, ta kudu ma akwai. Sai ka riƙe ɗaya a tsaye, ka auna ɗayan. Ka juya ka yi wa ɗayan haka. In ka haɗa su, za su nuna maka inda tudun ya fi miƙewa. In ka juya wa wannan wurin baya kuma, nan ya fi gangara. In ka zuba ruwa, nan zai bi."

"Shekara nawa kana biyan kuɗin makaranta don a gaya maka ruwa yana bin gangare?"

Yaron ya yi dariya. "Haka babana ya ce shekaranjiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi."

Ishaya ya danna wa wata motar haya oda ba gaira ba dalili.

Jami'ar na can bayan gari. A bakin zauren jarrabawa Nasrullahi ya gyara wuyan rigarsa, ya ce, "Ka yi mini addu'a irin taku, Baba, ni na yi irin tamu."

"Shiga, kar su rufe ƙofa."

Ya ajiye motar a gindin wata bishiyar mangwaro, ya buɗe tsohuwar jarida. Bai karanta komai ba. Ya tuna Christina, wadda ta yi fiye da wata guda a firjin asibiti, dangi na gardama kan ƙauyen da za a kai ta da irin atamfar da za a ɗinka. Lokacin ya yi sha'awar maƙwabtansa Musulmi, waɗanda ke rufe nasu kafin shayin safe ya huce. Yau kuma ya ga ita ma gaggawar tana da nata haƙoran.

Rana ta ɗaga. Daga inda yake yana hango ɗalibai ta taga, zaune a layi, kowa da biro a hannu, ba takarda a gabansu. Wani mai sa ido yana kai da kawowa da waya a kunne. Ishaya ya taka zuwa wurin mai gadin ƙofa.

"Ba a fara ba ne?"

"Oga bai zo ba. Takarda yana wurinsa."

"To a bar su su fito mana."

"Wanda ya fita, ya fita ke nan. Haka doka ya ce."

A nan ne ya kamata ya tura ƙofar, ya kira sunan yaron. Ya san haka. Ya kuma san in ya fito da shi malamin ya iso daga baya, duk Mpape za ta ce Ishaya ne ya kashe wa maraya karatu. Ya koma gindin mangwaro. Wayarsa ta yi ƙara, Manniru ne.

"Mun gama wanka. Liman ya ce ba za a jira azahar ba, zafi ya yi yawa. Ya fito?"

"Ko farawa ba su yi ba."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Sai da inuwar mangwaron ta tattare ta koma ƙarƙashin mota sannan ƙofa ta buɗe. Ɗalibai suka fito suna zage-zage. Malamin yana wani taro a wani gari, ya manta bai bar wa kowa mabuɗin ofishinsa ba. An ɗage jarrabawar zuwa mako mai zuwa. Wata yarinya ta yi shewa, ta ce Allah ya amsa addu'arta.

Ishaya ya juya baya ya kira Manniru.

"An ɗage."

Ana jin hayaniyar maza da ƙarar babura. "Yanzu muka fito daga maƙabarta. Kar ka gaya masa a hanya. Kawo shi gida kawai."

Nasrullahi ya shigo mota fuskarsa a sake. "Wallahi Baba, na ji daɗi. Akwai wani babi na dunƙule lissafi sau uku da bai zauna mini ba. Mako guda ya ishe ni. Ina wayata?"

"Cajinta ya ƙare."

"Haba, da safe na cire ta a wuta."

"Wayoyin yanzu ai kamar mutanen yanzu suke."

A hanya yaron ya sa shi tsayawa wurin wata mai tallar lemo. Ya daɗe yana zaɓe, yana latsa kowanne da babban yatsa. "Masu ruwa nake so, Mama. Na mara lafiya ne, shi kaɗai yake iya sha." Matar ta ƙara masa biyu gyara, ta ce Allah ya ba shi sauƙi. Ishaya ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon gaba. Har suka hau tudun Mpape yana ta shirya jimla guda a ransa, yana sauya mata kai da gindi, bai faɗe ta ba.

Mota ba ta shiga layinsu, sai da ƙafa. Suna shan kwanar shagon mai caji, sai ga tabarmi a shimfiɗe ƙofar gida, maza zaune, takalma jere, da jar ƙasa a ƙafafun wanduna. Nasrullahi ya tsaya. Ya dubi tabarmin, ya juyo ya dubi Ishaya.

Manniru ya taso yana gyara hula. "Sai haƙuri, Nasiru. Mun yi maka abin da ya fi. Shi ma da yana iya magana haka zai ce." Ya dafa kafaɗarsa. "Yanzu sai ka dage. Ka ga Allah ya ƙara maka mako guda."

"Yaushe?" in ji Nasrullahi.

"Bayan asuba."

"Kafin in hawo?"

Wani daga cikin masu zaman makoki ya ce wa na kusa da shi, a muryar da ya zaci ƙasa-ƙasa ce, "Ashe ma ba a yi jarrabawar ba."

Lantana ta leƙo daga ƙofar ɗaki, mata biyu riƙe da ita. Ba ta kiran sunan ɗan farinta, yau ma ba ta kira ba. Ishaya ta duba. "Baban Glory, yaron nan ya ci wani abu kuwa?"

Ishaya ya ciro wayar da ya ɗauko daga mota, ya miƙa. Nasrullahi ya karɓa kamar yadda ake karɓar canji daga baƙo, ya ratsa maza ya shiga tsakar gida, ledar lemon na hannunsa. Ishaya ya bi shi har bakin zaure, ya tsaya a nan.

Tsakar gidan Sale dutse ne zalla, ba ya haƙuwa, don haka ba a samu ramin da za a tara ruwan wankan gawa ba. Ruwan ya fito daga bayan labulen buhu, ya kauce wa turmi, ya bi ta gefen murhu, ya fita ta ƙarƙashin katangar kwano ya gangara. Rana ta shanye gefe-gefensa, saura siririn layi mai duhu a tsakiya. Nasrullahi ya tsuguna a inda layin ya faro, ya ajiye ledar a gefensa. Lemo ɗaya ya zame ya fito, ya mirgina a hankali, ya bi sawun ruwan har ya tsaya a jikin katangar kwano.