Giyar Keken Baba

Tun bara abin canza giya na keken Baba yake cijewa. Kullum sai ya tura keken wajen Dogo, mai gyara a bakin layi, shi kuma Dogo ya tsiyaya masa baƙin mai, ya buga wurin da ƙotar sukundireba, ya ce, "Tsufa ne, Malam, daga kai har keken." Su yi dariya, a rabu a haka.

Auta, 'yar Baba da ta dawo hutu daga makaranta, ta gaji da wannan dariya. Ta sa Baba a gaba har rumfar Dogo.

"Kawu, buɗe shi za ka yi yau. Baƙin mai ba gyara ba ne, ƙura kawai yake tarawa."

"Kai, 'yan boko! Da man nan aka yi goyon ubanki."

"Shi ya sa komai namu yake a cije. Buɗe."

Dogo ya kwance murfin yana gunaguni. Tsohon giris ya daskare a ciki kamar ƙaro. Ya wanke haƙoran da kalanzir, ya sauya wayar da ta yi tsatsa, ya shafa sabon giris. Auta ta danna da ɗan yatsa, sarƙa ta haura sumul.

"Baba, gwada ka ji."

Baba ya ɗora babban yatsansa na dama. Ya danna, abin bai motsa ba. Ya sake, yatsan ya zame. Ya yi saurin tura hannun cikin aljihu.



"Tun yaushe?" in ji Auta.

Baba ya kalli ƙasa. Dogo ne ya amsa, a hankali: "Tun bara na lura. Ban so in ba shi kunya ba."

"Kunya? Hannun mutum yana mutuwa a gabanka, kana zuba wa ƙarfe mai? Da tun a lokacin aka je asibiti fa?"



"Kada ki gaya wa mamarki," in ji Baba. "Idan aka ji a wurin aiki, sallamata za su yi."

"Asibiti za mu, yanzu."

Ta miƙa masa hannu. Ya daɗe kafin ya zaro nasa daga aljihu ya ɗora a kai. Ta matse yatsun da ƙarfi, tana jira ya matse nata. Bai iya ba.