Fuskar Malam Idirisu

Muntaka malamin gona ne kafin ya zama mai zane. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka taso su daga Kano zuwa Dutse, aikinsa shi ne ya hau babur ya zaga ƙauyukan Kiyawa yana nuna wa manoma irin tsutsar da ke cin gero. Da yake ba a ba shi hotuna ba, shi yake zana ta a kwali, kuma manoman sun fi tsayawa kallon zanen a kan sauraron bayaninsa. Daga baya babur ya lalace, gyara ya gagara. Ya daɗe yana zuwa ofis yana zama a gindin darbejiya har azahar. Ran nan sai ya ajiye aikin.

Matarsa Shamsiyya ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, fenti fa ba shi da fansho."

Ya kafa rumfa a bakin tasha. Yana yi wa masu aski allo da kawunan samari kala-kala, yana zana zaki da ɗawisu a bayan motocin katako. Warin kananzir ya kama tufafinsa, hawa tsani ya sa masa ciwon baya. Amma dai ana zuwa.

Da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar, babu wanda ya zo ya hana shi komai. Masu kawo aikin ne suka canza. Direbobi suka riƙa dawo da motocin da ya zana da hannunsa, suna cewa a shafe zakin a sa furanni, ko a rubuta addu'a. Wani mai aski ya ce a bar gashin a goge fuskokin. Muntaka ya goge. Daminar nan gaba ɗaya shafewa ya fi yi a kan zanawa. Bai yi gardama da kowa ba, don shi ma yakan yi wasi-wasi. Gajiya ce kawai ba ta sakinsa.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta zo daga Jahun, ana ce mata Iya Lauratu. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan hoto kamar kwalin ashana. Na marigayi mijinta ne, Malam Idirisu, yoyon ɗaki ya ɓata shi. Jikokinta ba su san fuskarsa ba, so take ya zana mata shi.

"Iya, ai babu abin da ya rage sai hula da kunne ɗaya," in ji Muntaka.

"Ni zan faɗa maka sauran."

Ta zauna a benci tana faɗa, yana bi da fensir. Hancin bai kai haka tsawo ba. Idon hagu ya ɗan fi ƙanƙanta, tun ciwon ƙyanda. Gemun a nan yake tsayawa. Ta yi ta zuwa tana komawa, kullum da sabon gyara, wani lokacin ta warware abin da ta faɗa a baya. Shi kuma yana aikin a can ƙuryar rumfa, ya ba titi baya.

Ranar da ya gama, ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Ashe na fara mantawa."

"Ko in sake, Iya?"

"A'a, bar shi. Wannan ƙanensa ne, Maharazu. Shi ma ya rasu, kuma shi ko hoton bai taɓa ɗauka ba."

Ta naɗe shi a mayafi. Muntaka ya riƙa mata har motar Jahun, ya jira ta samu wurin zama, sannan ya miƙa mata ta taga.

Da ya dawo ya tarar da wani mai kemis yana jiransa, yana son a rubuta masa sunan shago. Muntaka ya zauna a benci ya miƙe ƙafa.

"Yau ko gobe?" mai kemis ya tambaya.

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Ya wanke burushi, ya rufe gwangwanayen fenti, ya kama hanyar gida a ƙafa tun la'asar ba ta yi ba.